Gahawa a Gindin Ɓaure

Laraba, 12 ga Fabrairu

Yau masu jifa da masu cafka na wasan besbol suka hallara a sansanin horo can Amurka. A wurina yau ce sabuwar shekara, waccan ta Janairu ta gwamnati ce.

Ɗana Fausto ya kira daga filin jirgi. Ƙungiyar da yake yi wa jifa a wani tsibiri mai nisa lokacin sanyi ta kai wasan ƙarshe, ta cinye 'yan kwanakin da ya ce zai zo gida. "Baba, bana ma bai yiwu ba." Na ce ai na sani, ni na koya maka karanta jadawali. Muka yi dariya. Da na ajiye wayar na daɗe ina kallon bango.

Haka shekarar ɗana take, kamar zobe. Fabrairu horo, daga ƙarshen Maris zuwa Satumba Amurka, daga Oktoba zuwa Janairu tsibiri. Zobe kuwa ba shi da ƙofa sai an yi rashin nasara. Duk uban da ɗansa ke wasan besbol ya san wannan, ba ya dai faɗa.

Ƙanwata Iole ce ta kawo mini littafin nan da alƙalami mai kaurin baki. Ta ce in riƙa rubutawa, maƙwabta sun fara jin ina hira da bishiya.

Litinin, 3 ga Maris

Mun je Roma wurin likitar ido. Yarinya ce ƙarama, mai hannu sanyi. Ta ce tsakiyar ganin ce ke tafiya. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana ɗaure kayansa. Gefe-gefe zai saura, ba zan faɗa rami ba, amma rubutu da fuska su ne za su fara ɓacewa. Na ce yaushe? Ta ce ƙila kafin sanyi ya sake shigowa, ƙila bayansa. Likitoci da masu hasashen ruwa uwarsu ɗaya.

A jirgin ƙasa Iole ta ce, "Za ka gaya masa?"

Na ce mutum yana neman gurbi a sansani, sai in ɗora masa ido a kafaɗa?

"To mutu da taurin kanka, Oreste."

Fuskarsa kawai nake so in gani. Sau ɗaya, a kusa, da rana.

Asabar, 22 ga Maris

Sun sake mayar da shi matakin ƙasa da babban lig, gasar manya. Tsanin nan na san shi kamar matakalar gidana: na 'yan koyo, na ɗaya, na biyu, na uku, sannan sama inda ake haska mutum a talabijin. Fausto ya hau kowane mataki da haƙoransa, ya zo na ƙarshe ya zauna shekara da shekaru. Yanzu yana da talatin da uku.

A shagonsa na gahawa tsohon abokin wasana Cencio ya ce, "Ɗanka ya gaje ka. Kai ma ka yi rayuwarka a tsugune a bakin ƙofa."

Na ce na tsuguna ne ina tsince ɓarnar da kake jefowa. Shekara goma sha biyu ina tsugune ina cafke jifansa a filin garinmu, dubi yatsuna, babu biyu da ke kallon wuri ɗaya. Har yau yana cewa ni na jawo muka rasa kofi a wancan wasan da Bologna. Shi ya ƙi alamar da na ba shi. Duk garinmu Nettuno ya sani.

Talata, 1 ga Afrilu

Jifansa na farko a bana. Na zuba.

Bari in rubuta yadda abin ya faro, don kar ya tafi da ni. Ran da Fausto zai fara hawa tudun jifa yana ɗan makaranta, matata Nilde ta fito tsakar gida da kofin gahawarta na safe, ta yi tuntuɓe da tiyo, kofin ya kife a gindin ɓaure. Ran nan yaron ya zaunar da masu bugu kamar ana yanka albasa. Shi ke nan fa. Duk ranar da zai yi jifa, kofin farko na bishiya ne, baƙi, babu sukari, kafin kowa ya kai baki. Limamin cocinmu ya ce mata camfi ne. Ta ce, "Fada, kai ma ka taɓa ƙarfe don korar sharri ran da aka ambaci gawa, na gan ka."

Tun da ta rasu ni nake yi. Kuma duk ranar jifa sai saƙon muryarsa ya shigo: "Baba, ka zuba?" In amsa, "An zuba." Hirarmu mafi tsawo ke nan a wasu makonnin.

Wasan nasu sai mun yi barci ake yi. Ni ba na jira. Da safe Cencio ke karanta mini sakamako a wayarsa, yana ƙara gishiri.

Asabar, 3 ga Mayu

An fito da siffar Uwargidanmu Maryamu daga coci, an zaga da ita bakin teku kamar kowace shekara. Yara da fikafikan takarda, ganguna, ƙamshin soyayyen kifi. Mutane suna ta gaishe ni, ina gane su da murya da tafiya. Fuskoki sun zama kamar an shafa musu babban yatsa a tsakiya. Na gaida matar mai kantin magani da sunan uwarta da ta mutu. Ta ce ba komai.

Fausto ne ke ɗaukar kyandir a gefena da. Watan Mayu kuwa tsakiyar aiki ne.

Alhamis, 29 ga Mayu

Ɓauren ya fito da 'ya'ya ƙanana kamar maɓallin riga. An zuba.

Litinin, 23 ga Yuni

Rabin farko ya ƙare, sun zo na huɗu. A matakinsu kakar wasa gida biyu ce. Wanda ya ci rabin farko ya sami gurbi, wanda ya ci na biyu ya sami gurbi, su biyun su kara a ƙarshen Satumba. Na sa Cencio ya zauna muka baje lissafi a kan teburi da ƙunshin sukari.

Na ce, "Wannan ƙunshin ranar rufe kaka ce. Wannan ranar da tsibiri ke son ganinsa, farkon Oktoba. Tsakani akwai abin da bai kai mako biyu ba."

Ya ce, "In sun faɗi."

"In sun faɗi. In sun ci, wasannin kofi za su cinye rabi, sauran kuma ba ya isa mutum ya tsallake teku ya dawo da hannu mai lafiya."

"In kuma na sama suka kira shi fa?" Ya tura kwalbar gishiri tsakiya. "Ɗaya ga Satumba suna ƙara mutum biyu."

Na ce shekara nawa muna tura gishirin nan?

Ƙarshen Satumba ɓaure na ƙarshe ke nan, masu tsagewa da kansu. Tun da ya tafi bai ci na bishiyar uwarsa ba. Ɓaure ba ya tafiya, yau ka tsinka gobe ya mutu. Iole ta sha cewa a shanya a aika masa. Busasshen ɓaure zagi ne. Na gaya mata ba a gidana ba.

Talata, 15 ga Yuli

Hutun tsakiyar kaka, kwana huɗu. Ba sa isar komai sai wanki. Ya kira da bidiyo. Iole ta riƙe mini wayar. Na ga hula, na ga kunnuwa, kunnuwan Nilde, na ga labule a bayansa. Tsakiya toka.

"Baba, me ka gani? Ya yi mini kyau?"

Na ce ƙwarai kuwa, kamar an ƙera maka. Ina zaton hular yake nufi. Bayan mun gama Iole ta ce, "Gemu ya tsayar, wawa. Har da furfura biyu-uku."

Ɗana yana da furfura.

Juma'a, 1 ga Agusta

Kasuwar musayar 'yan wasa ta rufe jiya, ba wanda ya saye shi, ba wanda ya sayar. Suna kan gaba a rabi na biyu. Wasa biyar a jere Fausto ya ci. Cencio ya manna sunansa a madubi, kowa ya shigo sai ya dafa ni. "Oreste, hannun ɗanka ya koma yaro!" Ina murmushi, ina lissafin mako biyun nan da ke neman kuɓuce mini.

Kakata takan ba mu labari tana ɗinkin raga a bakin jirage. Wata mata ce wai ɗanta matuƙi ne, kullum yana teku. Sai ta je wurin tsohuwar da ke ɗaure iska a igiya, ta ce a kwance mata ƙulli ɗaya, ƙarami, wanda zai hana jirage fita mako guda. Tsohuwar ta ce, "Zan kwance, amma iska ba ta san ɗanki ba." A nan kakata take tsayawa ta cije zare. Mu ce sai me ya faru? Ta ce ku je ku kwanta. Ba ta taɓa ƙarasawa ba. Sai da na tsufa na gane babu sauran da za a ƙarasa.

Ban san me ya sa na tuna da shi yau ba. Ƙarya ne, na sani.

Talata, 12 ga Agusta

Na fito da kofin. Na tsaya. Na shanye.

Saƙo ya shigo da rana. Na ce, "An zuba." Ai an zuba, a cikina.

Laraba, 13 ga Agusta

Cencio bai ƙara gishiri ba yau. A zagaye na uku aka cire Fausto, sun buge jifansa har an gaji da gudu. Na ce kowane hannu yana da ranarsa. Na sayi kifi a hanya, ina tafe ina 'yar waƙa. Allah na tuba, waƙa.

Ni ban yarda da camfin nan ba. Me ya haɗa bishiya a Nettuno da ƙwallo a tsakiyar gonakin masarar Amurka? In babu abin da ya haɗa su, to ban yi laifin komai ba. Na kwanta a kan wannan lissafin, ya yi ta sukata kamar katifa mai ƙarfe.

Litinin, 18 ga Agusta

Jiya ma ban zuba ba. Jiya ma an buge jifansa. Sun sauko na biyu.

Iole ta zo shanya kaya. Na ji takunta ya nufi gindin ɓaure. Ta shigo da ƙasa a yatsa.

"Gindin bishiyar nan a bushe yake. Ko tururuwa babu."

Na ce zafi ne.

"Zafin ubanka. Ubana ne ni ma, Allah Ya ji ƙansa." Ta ja kujera. "Kana so ya dawo, ɗauki waya ka ce ina makancewa, zo in gan ka. Wannan shi ne aikin mutum. Amma ka laɓe kana shanye rabon Nilde kamar ɓera?"

Na ce in na faɗa masa zai bar komai ya taho, ya zama ni na katse shi.

"Yanzu wa ke katse shi?"

Na ce gahawa ba ta jifa.

"To me ya hana ka zubawa?"

Ta tafi ta bar mini taliya a tukunya. Ban ci ba. Daga baya na ci.

Laraba, 20 ga Agusta

Ya kira da tsakar rana, ba ranar jifa ba. Muryarsa kamar ta mutumin da ya kwana a mota.

Kocinsu ya kira shi ofis. Ba a ce komai ba, an dai ce akwai yara a mataki na biyu da ke buƙatar gurbi. A shekarunsa, ɓarna biyu ta isa a fara auna mutum da ido.

"Ƙila lokaci ya yi, Baba. In dawo in koya wa yaran gari jifa, in yi tumbi kamar Cencio."

Ga shi nan. Abin da na roƙa, an kawo mini har gado, ba ma na mako biyu ba, na har abada.

Sai ya ce, "Ka san wani abu? Ni fa ban yarda da zancen gahawar nan ba. Amma in na hau tudu, filin ya cika da mutanen da ba su iya faɗin sunana ba, sai in ce, a can wani tsoho ya tashi da safe ya fita da silifas saboda ni. Sai ƙafata ta tsaya." Ya yi dariya. "Makon nan ko wannan ɗin bai kama ba."

Na ce layin ba kyau, zan kira.

Yana ɗan shekara shida nake tsugunawa a lungun tsohon gari, ya jefo mini lemo don ba mu son ɓata ƙwallo. Yakan ɗaga ƙafar hagu har gwiwa ta kusa taɓa haɓa, ya ɗan tsaya kamar zalɓe. Kowane koci ya yi ƙoƙarin gyara masa. Ni na ce a bar shi.

Asabar, 23 ga Agusta

Na dafa babbar tukunyar, ta baƙi. Na juye duka. Na ce wa Nilde ga bashinki, kar ki yi mini kallon nan. Maƙwabci yana ban ruwa, ya ce, "Oreste, lafiya?" Na ce taki ne.

Ban jira ya tambaya ba. Ni na fara aikawa. "An zuba. Ka ɗaga ƙafar nan yadda ka saba."

Lahadi, 24 ga Agusta

Zagaye bakwai, gudu ɗaya tak, wato maki ɗaya, suka samu a kansa. Cencio ya ce, "Da ni na jefa da ko ɗayan ba za su samu ba." Na ce da kai ka jefa da yanzu ana neman ƙwallon a Sardinia, can tsallaken teku.

Litinin, 1 ga Satumba

Na sama sun ƙara mutum biyu. Yara ne, ɗaya ko gemu bai fara ba. Ba Fausto.

Na zagi mutanen da ban sani ba har Cencio ya ce in fita waje, akwai mata. A hanyar gida kuma wani abu a ƙirjina ya ce, to ai ƙila ya zo ke nan. Zuciya biyu a tsoho ɗaya, kowace tana jin kunyar 'yar'uwarta.

Ɓaure ya nuna. Ina gane su da hannu, wanda ya yi laushi a wuya. Tsuntsaye sun fi ni ido.

Alhamis, 11 ga Satumba

Ina aski waya ta yi ƙara. Ba gaisuwa.

"Baba. Baba, zauna."

Wani mai jifa a sama ya ji ciwo a gwiwar hannu. Sun duba ƙasa suna neman wanda ba ya rawar jiki. Yau zai hau jirgi. Yana magana yana kuka yana zagin akwatinsa da ya ƙi rufuwa. Na ce, to, to, madalla, kar ka manta safa. Abin da na iya faɗa ke nan. Safa.

Na fita da kumfa a rabin fuska har dandali. Cencio ya buga ƙararrawar da yake bugawa in an ci kofi. Mai gidan burodi ya rufe shago. Iole ta rungume ni ta ce a kunnena, "Ba zai zo ba ke nan." Na ce na iya lissafi.

Litinin, 15 ga Satumba

Jiya wasan rana suka yi, ya faɗo mana daidai cin abincin yamma. Rabin gari a shagon Cencio, an jawo babban talabijin bakin ƙofa. Yanzu ba shi da ranar kansa, yana cikin masu jira a kira su tsakiyar wasa, saboda haka kullum nake zubawa. Bishiyar nan ba za ta yi barci ba sai Kirsimeti.

A zagaye na bakwai wuri ya ɗauki ihu. "Ga shi! Ga shi nan, Oreste!" Suka tura kujerata gaba har hancina ya kusa taɓa gilashi. Sun ce an haska fuskarsa cike da allo. Na duba. Toka.

Sai na juya kaina gefe, kamar kaza tana kallon shaho, yadda likitar ta koya mini na ƙi yi. Na kalli kwalaben da ke kan kanta. Can a wutsiyar idona wani ɗan farin abu ya tsaya a kan tudu. Ya ɗaga ƙafar hagu har gwiwa ta kusa haɓa. Ya tsaya. Zalɓe.

Mutum uku ya fuskanta. Ɗaya ya samu bugu, biyu suka koma benci. Cencio yana kuka yana cewa shi ya koya masa. Ban ko musa ba.

Da safe ya kira. "Ka gan ni?"

Na ce na gan ka.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Iole ta gaya masa. Bakin matar nan ba a taɓa ɗinke shi ba. Ya kira yana faɗa, wai me ya sa, wai zai soke tsibiri ya taho da zarar ƙungiya ta sake shi, don sun ce ya zauna kusa ko za a buƙace shi a wasannin Oktoba. Na ce in ka soke, da wane hannu za su gan ka kafin Fabrairu? Mutum ya sa ƙafa ɗaya a ɗaki sai ya juya don tsoho ya kalli gemu? Na ɗaga murya sosai. Na ji daɗin faɗan, rabon da mu yi tun yana gida.

Ɓauren ƙarshe na tsinke su shekaranjiya. Suna shanye a faranti a kan rufin ɗaki, an tsaga, an rufe da raga. Ba don komai ba, asara ce a bar wa tsuntsaye.

Cencio ya ce a tsibiri kujerun bayan mai cafka kusa suke ƙwarai, har kana jin numfashin alƙalin wasa. Ya ce wasu ranakun da rana ake yi. Ni ban tambaye shi ba, shi ya faɗa. Wai kuma bai taɓa shiga jirgin sama ba shi ma, kuma ɗan'uwansa zai iya riƙe shago. Surutu dai.

Akwatin Nilde yana saman kabad, ƙafarsa ɗaya ta karye. Na sauko da shi don in share ƙura.

Da safe na kira Iole tsakar gida na nuna mata wurin, gefen saiwar da ta fito, ba jikin bishiyar ba. Baƙi, babu sukari, kafin ki kai baki. Ta ce, "Na sani tun kafin ka sani." Na ce a dai yi a gabana in gani. Ta zuba. Ta yi sauri da yawa, amma za ta koya kafin mu tashi.